Rijiya a Aljihun Kumandan

Mamani ya kifa ƙwarya a kansa kamar hular Nasara, kuma wannan ba ya cikin abin da aka koya musu.

Jimrau, abokin wasansa, ya bi shi da kallo. Tun suna samari suke wasan 'yan kama tare a kasuwar Dakoro, kowa na cafe maganar ɗan'uwansa tun ba ta faɗi ƙasa ba. Bana ne aka hana. Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya ce duk raha da za a yi ranar biki sai an fara maimaita ta gaban tafinta, wanda ya ƙara ko kalma ɗaya kuma kaso zai kwana, wato gidan yari. Suka yi ta haddar ba'a marar gishiri a kan rowar mahauta. In an tashi, tafinta kan tsayar da Mamani, wai shi ne mai mantuwa.

Yanzu ga shi yana taku irin na kumandan, a gaban kumandan.

"Ni baƙo ne," in ji Mamani da muryar hanci. "Ruwa na zo sha, sai na sa rijiyar cikin aljihu."

Filin bariki ya yi tsit. Can wani ya tuntsire da dariya, wani ya bi shi. Gardawan kumandan, masu tsaronsa, ba su motsa ba. Bayansu suka ba 'yan wasa, idonsu na yawo cikin taro, suna lura da masu dariya.

Jimrau ya nemi idon abokinsa, kamar kullum in za su ƙirƙiro sabuwa. Mamani bai dube shi ba. Tsoro ne, a ganin Jimrau, kuma duk da tsoron ya faɗa. Yaya zai bar shi ya tafi kaso shi kaɗai?

Ya durƙusa, ya leƙa wandon Mamani.

"Ranka shi daɗe, ai aljihun ya huje! Ga ta nan tana bin ƙafarka."

Fili ya ɗauka da dariya. Har waɗanda suka danne ɗazu suka saki, Bubakar tela yana dukan cinya. Wani gardi ya matsa kusa da telan.

Jimrau ya jira amsa. Mamani, wanda bai taɓa rasa ta cewa ba, ya tsaya baki buɗe, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin ƙwaryar. A hankali ya juya wajen rumfar manya.

A bayan kujerar kumandan, leɓɓan tafinta suna motsi, yana tuna wa Mamani magana ta gaba cikin waɗanda ya koya masa shi kaɗai.