Shatin Dutsen Guga a Leshin Bara'atu

Bara'atu ta shimfiɗa rigar leshin a kan teburin Amiru mai wanki da guga, ta ɗora yatsa inda dutsen guga ya cinye ƙirjinta. Jibi za a ɗaura mata aure da wani malamin makaranta a Kibiya, kuma wannan ce rigar da ta ware wa ranar.

"Duk Rano an san ko hankici ba ka taɓa ƙonawa ba," ta ce. "Sai nawa?"

Amiru ya kasa ɗago kai. Gawayin cikin dutsen yana ta ci a gefensa.

"Ina kallon hayaƙin yana tashi, Bara'atu. Wallahi hannuna ne ya ƙi ɗagawa."

Da niyyar tara masa jama'a ta zo, sai masifar ta mutu a ranta. Shekara uku tana kawo masa wankin da za ta iya yi a gida, tana jiran kalma ɗaya.

Ta ninke rigar a hankali, ta mayar da ƙunar ciki.

"Da bara ka buɗe bakin nan, Amiru, da kai ne za ka sayo min ita."