Akuyar Kirsimeti da Wuƙar Maƙwabci

Wata matar manomi takan tuna ranar da ta fara ganin tsohon maƙerin da ke maƙwabtaka da su. Ranar aurenta ce. Ta fito daga coci kanta a sunkuye, hannunta cikin hannun ango, sai ga wani dattijo tsaye a gindin mangwaro da carbi a hannu. Musulmi ne, bai shiga ciki ba, amma bai tafi ba har aka tashi. Ya dubi angon ya ce masa, ranar da ya sa yarinyar nan kuka, ranar zai san amarya tana da uba mai guduma. Angon ya yi dariya, ya ƙara riƙe hannunta. Tun daga nan take kiran tsohon Baba, matarsa kuma Inna.

A garin akwai wata al'ada da suka taras. Idan Kirsimeti ta zo, Kirista ba ya yanka dabbarsa da kansa. Maƙwabcinsa Musulmi yake kira ya yanka masa, domin in an dafa shinkafa an zuba nama a langa, kowane gida ya ci hankali kwance, ba sai an tambaya ba. Da Sallah kuma langunan su juyo da tuwo da nama. A gefensu gidan maƙerin ne kaɗai na Musulmi, kuma shi ke yi musu yanka tun zamanin mahaifin mijinta.

To, wata shekara da kaka, tumakin maƙerin suka shiga suka cinye waken da ta shanya. Ta yi magana, matar maƙerin ta mayar mata, har zance ya yi tsami. Ta ƙudura a ranta ba za ta sake taka gidan ba.

Da safiyar Kirsimeti mijin yana ɗaure akuya, ya ce ta leƙa ta kira Baba. Ta fita, ta ɗan tsaya a bayan rumbu, ta dawo ta ce wai ya yi sammako ya tafi ƙauye. Mijin ya yi mamaki, amma rana tana yi. Ya yanka da kansa, ya ce mata to bana kada naman nan ya shiga gidan Baba, ta dafa musu shinkafa da wake a tukunya daban. Ta amsa da to. Sai dai da ta zo rabo, ta tuna bakin matar maƙerin, yadda za ta buɗe langa ta ga babu nama, ta ce rowa ce ta biyo bayan faɗa. Ta zaɓi manyan tsoka ta ɗora a kan shinkafar, ta rufe, ta bayar aka kai. Ta ce a ranta ai nama nama ne, wa zai sani.

Ta ɗaura sabon zanenta ta tafi sujada. Matan zumunta suna kaɗa tulu suna waƙar haihuwar Yesu, ita kuwa hankalinta ba ya wurin. Ba abin da take gani sai hannun tsohon nan, mai tabon wuta, yana ɗaga murfin langa, yana bismillah a kan abin da bai sani ba, don kawai daga hannunta ya fito. Ta miƙe a tsakiyar waƙa, mutane suna kallonta, ta fice.

Ta same shi zaune a zaure cikin rigarsa ta Juma'a. Kusa da shi ga dutsen washi bai gama bushewa ba, ga wuƙa a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta. Ga langarta a gefe, a rufe yadda ta rufe ta. Karɓe abincin da aka riga aka kai gidan mutum ba ƙaramin abin kunya ba ne, amma ta durƙusa ta ce ta zo ne ta mayar da shi gida. Ta fara kame-kamen bayani.

Tsohon ya ce, "Bari, 'yata. Akuya ba ta iya rufa wa mutum asiri ba. Na ji kukanta, na dubi wuƙata tana nan."

Matarsa ce ta faɗi sauran daga bakin ƙofa, ba tare da ta dube ta ba. Tun da ya idar da sallar asuba yake zaune a nan yana jiran a kira shi, ko koko ya ƙi sha wai kada a zo yana sha. Da langar ta iso ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka da ƙarfi don masu wucewa su ji. Ya ce a ajiye, in an jima a kai wa wata gwauruwa Kirista da ke bayan kasuwa, a wanke langar a zuba gyaɗa a mayar kamar kullum, kada mijinta ko wani ya san abin da ya faru.

Matar manomin ta kasa ɗaga kai. Ita ta aika masa abin da zai ci a kan rashin sani don ta kare sunanta, shi kuwa ya zauna da yunwa yana neman yadda zai rufa mata asiri. Tana durƙushe, sabon zanen yana shan tokar maƙera, ta ce masa:

"Baba, yau da bakina zan gaya wa maigida. Baɗi kuma, in Allah ya kai mu, ko mun yi faɗa da Inna ko ba mu yi ba, ni zan zo in yi maka sallama in kira ka."

Ka ga dai langa ta isa gidan cike da nama, amma ba ta kai komai ba, don mai ita ta ƙi zuwa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, zumunta a ƙafa take.