Taku Ɗaya Baya

Liatu ta danna maɓallin, sai gabanta ya faɗi. Kwandon shara na kwamfuta take son kwashewa, ta manta cewa ta riga ta rubuta cd, umarnin sauya folda, ta ja baya taku ɗaya kafin ta ce a share komai.

"Oga Rotimi, na kashe mu!" ta ce wa shugabanta. "Fayilolin marasa lafiya!"

Rotimi ya taso har kujera na faɗuwa. Rajistar shekara shida ta asibitinsu na Tirwun ke ciki, ga mata cike da benci suna jiran kati.

"Ta ina kika shiga?"

"Ta gajeriyar hanyar da ka ajiye a foldar marasa lafiya, mai kaiwa kwandon shararka."

Ya dafe kai. A ƙa'idar da aka amince da ita, cd ta ƙofar da ka shigo yake mayar da kai, wato foldar marasa lafiya ke nan. Wata uku ke nan yana masifa cewa tsohuwar manhajarsu ba ta bin ƙa'idar, har ya sauko da sabuwa ya ajiye a foldarsa, yau zai ɗora ta a madadin tsohuwar.

Liatu ta buɗe foldar marasa lafiya. Ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

"To, me ta share?" ya ce.

Liatu ta duba, ta toshe baki. Tsohuwar ba ta bi ta ƙofar ba, ainihin inda kwandon yake ta koma, foldar Rotimi, inda sabuwar manhajar take.

"Oga, magajiyarta ta cinye."