Ƙwayar Malama da Jirgin Sarkin Ruwa

Ku masu kula da waɗanda damuwa ta kayar, na asibiti da na gida, ku tsaya ku ji wannan misali, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

A wani ƙauyen masunta akwai wata mata mai bandar kifi, tana da 'ya'ya maza biyu, duk magidanta. Wata rana suka shiga kogi tare, babban kaɗai ya fito. Tun daga ranar bakinsa ya mutu. Ba ci, ba barci, ko 'ya'yansa ba ya ɗaga ido ya duba. Sai dai ya zauna ya tasa bango a gaba, in aka watsa ruwa a tsakar gida ya zabura kamar an soke shi. Uwar ta riga ta rasa ɗaya, ga na biyu yana narkewa a gabanta kamar gishiri a damina. Ta ja shi wurin malamar asibiti. Malamar ta san aikinta, ta zauna da shi, ta ba shi ƙwaya, barci ya dawo, ya soma taɓa tuwo. Amma ta kafa sharaɗi: "Mama, ki raba shi da kogi, kuma ban da 'yan gargajiya. In na ji kin kai shi, babu ruwana." To, a ƙauyen nan kuwa, wanda ruwa ya ci wa ɗan'uwa ba a barinsa a ɗaki. Dattawa ke sa shi a jirgi su riƙa fita da shi kaɗan-kaɗan, ba mai tambayarsa komai, ana tuƙi ana gyaran taru, har ranar da maganar za ta ɓalle masa da kanta. Uwar ta je ta durƙusa gaban sarkin ruwa. Shi ma ya kafa nasa: "Ɗanki ba mahaukaci ba ne da za a riƙa ɗura masa ƙwaya. In yana sha, kar ki kawo min shi."

Wallahi matar nan ta yi iya yinta don ta haɗa su. Ta roƙi malama ta leƙa bakin kogi ko gaisuwa ce su yi da tsohon, malama ta ce layin marasa lafiya ya yi mata yawa. Ta roƙi sarkin ruwa ya taka zuwa asibitin, ya ce shi da furfurarsa ba zai je ya zauna a benci yana jiran sa'ar 'yar cikinsa ba. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai a dafa shinkafa ba, amma sai ka ce gabas da yamma. To me uwa za ta yi? Ta ga ƙwaya ta dawo wa ɗanta da barci, ta kuma san kogi ne kaɗai zai dawo masa da baki. Sai ta rufe wa kowa. Ta ɓoye ƙwayar a cikin tukunyar daddawa, ta ɓoye zancen jirgi a cikin cikinta, kullum tana saɗaɗawa kamar ɓarauniya, alhali ɗanta take nema wa lafiya. Kuma abin ya soma kyau. Har wata rana a cikin jirgi ya ambaci sunan ƙaninsa, ya yi kukan da bai yi ba ranar zaman makoki.

Ana nan sai malama ta sauya masa ƙwaya, ta ce ya riƙa sha da safe. Irin mai sa jiri ce. Da ta san yana shiga ruwa, da ta mayar masa da ita bayan ya dawo. Da sarkin ruwa ya san ya sha, da ya zaunar da shi a tsakiyar jirgi, ba zai miƙa masa taru ya ce ya tashi ya jefa ba. Ɗan nata ya miƙe, kansa ya juya, ya afka cikin kogin da ya cinye ƙaninsa. An tsamo shi da rai, amma wanda aka tsamo ba shi ne wanda ya yi kukan nan ba. Ya ƙi ƙwaya, ya ƙi jirgi, bakin da aka sha wuya aka buɗe ya sake kullewa gam.

Ranar ce fa malama da sarkin ruwa suka fara haɗuwa, a tsakar gidan matar, kowa ya zo da faɗansa. Wannan na cewa tsohon nan ya kusa kashe mata majinyaci, wancan na cewa ƙwaya ta shanye masa yaro, suka ƙare suka haɗu a kan uwar, wai don me ta ɓoye. Matar da ba a taɓa jin muryarta a waje ba ta miƙe tsaye. Ta ce, "Au, ashe kun san hanya? Ashe ƙafafunku na aiki? Da na yi ta yawo tsakaninku har takalmina ya tsinke, wa ya tashi? Ke kina tsaron asibitinki, kai kana tsaron rawaninka, to shi wa ke tsaronsa? Ga shi can, ku raba shi biyu kowa ya ɗauki rabonsa!" Suka juya suka dubi inda ta nuna. Duk hayaniyar nan ko motsi bai yi ba.

Maganin malama gaskiya ne, hanyar sarkin ruwa ma gaskiya ce. Ciwon ya rasa ƙofa a wurin kowannensu, sai ya bi ta tsakaninsu ya koma. Dama Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.