Fizgar Motar Baban Yara

"Sabon inji ka sa, ko tsohon ka yi wa wanka?" na tambayi bakanikenmu.

Motar Baban yara ce, mai canza giya da kanta. Bayan rasuwarsa injin ya buga, aka sa wani. Amma har yanzu in za ta shiga giya ta biyu sai ta yi gurnani ta fizgi mutum, kamar yadda ta saba. Na ce wa bakaniken in bai gyara yau ba, sayar da ita zan yi.

Ya duba man giya, ya leƙa ƙarƙashi, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Hajiya, inji lafiya lau. Wata waya ce ta saki, ɗaure ta kawai za a yi."

"To duk shekarun nan me kake jira?"

"Marigayi ne ya hana ni taɓa ta. Ya ce ba kya riƙe masa hannu a waje sai in motar ta fizga."

Ja'irin tsoho! Ina ta salati, ashe shi daɗi yake ji.

Bakanike ya ɗauko sifana. Na goge ido da bakin mayafi, na ce, "Mayar da abarka akwati."