Akwati na Uku

"Baba, e ko a'a kawai za ka ce. Kana goyon bayan yankinmu ya ɓalle?"

Tsohon tela ya sauke ƙafarsa daga keken ɗinki, ya turo wa yarinyar mai tattara ra'ayin jama'a kujera. Sai da ya yi awa guda yana magana. Mutanen tsallaken kogi sun mai da su saniyar ware, abin ya ishe shi. Amma can 'yarsa take aure, can aka binne matarsa.

"'Yata, in aka raba, sai na nuna takarda kafin in ziyarci kabarinta?"

Akwati uku ne a takardar tambayoyinta: e, a'a, da babu ra'ayi. Ta sunkuyar da kai, ta yi alama a na ukun.

Ranar da sakamako ya fito, tana wucewa ya ƙwala mata kira, jarida a hannunsa. Kanun ya ce bakwai cikin goma na son a raba.

"Karanta min. Ina suka sa tawa maganar?"

Idonta ya sauka kan ƙaramin rubutu can ƙasa: ba a lissafa da marasa ra'ayi ba.

"Kana ciki, Baba," in ji ta.