Umarnin Aro da Muryar Inna

Ɗan'uwa, tunda ka ce ranka na sosuwa in ka ga aikin wani yana gudu, zauna in buga maka misali. Wasu mutum biyu ne a bakin kasuwa, rumfa jikin rumfa, sana'arsu tura wa mutane waƙoƙi a katin waya. Na farkon da hannu yake yi, ya danna nan, ya jira, ya danna can, har wuyansa ya ƙage. Maƙwabcinsa kuwa ya gano wata 'yar baƙar taga a cikin manhajar da suke aiki da ita, inda ake rubuta mata umarni kai tsaye. Ya jera umarninsa layi bayan layi kamar carbi, har ta kai yana zaune wurin mai shayi zai taɓa wayarsa, kwamfuta can a rumfa ta kama aiki ita kaɗai. Jama'a suka koma wajensa. Na farkon yana kallo, abin yana cinsa ta ciki kamar gara a azara. Sau nawa maƙwabcin ya ce, "Zo mana in nuna maka, Malam," shi kuwa sai ya kau da kai ya ce, "Ni ba na aikin ragwaye."

Ran nan maƙwabcin ya tafi alwala, sai na farkon ya leƙa ya ɗauki hoton layukan, ya kwafe su harafi-harafi, bai san abin da ko ɗaya yake cewa ba. To, akwai wani kati da ba ya barin ramin farko na kwamfutarsa. Muryar mahaifiyarsa ce a ciki, Allah ya jiƙanta, saƙonnin da ta riƙa aiko masa, tana tambayar ko ya ci abinci, tana tari, tana dariya. In kasuwa ta yi sanyi ita yake saurare. Da mai saye ya zo, sai ya karɓi katinsa ya sa a rami na biyu, ya taka zuwa wurin mai shayi, ya zauna daidai inda maƙwabcin zai gan shi, ya ɗaga waya ya danna. Ashe layin farko cewa yake a share katin ramin farko tas kafin a cika shi, don a nan maƙwabcin ke sa katin masu saye. Da da hannu ne, manhajar takan tsaya ta ce ka tabbata? Baƙar tagar nan ba ta tambaya. Wanda ya shigo ta nan, ɗauka take ya san hanya. Ya dawo yana murmushi, ya tarar katin mai saye fayau, na Inna kuwa cike da kiɗan biki. Ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ko tarin nan nata zai ji a tsakani. Babu. Maƙwabcin ya zo ya tsuguna kusa da shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira, an rasa ido.